Dattijo Da Ciwon Sukari: Ina Tawakkali Ya Tsaya, Ina Ganganci Ya Fara?

 

Zancenmu na wannan mako ya shafi halin da dattijo yakan sami kansa a ciki ranar da likita ya dubi takardar awon jininsa, ya ɗaga kai ya ce, "Baba, kana da ciwon sukari." Mutum ne da ya yi shekara 60 ko 70 yana cin abin da ya samu, yana azuminsa, yana tafiya masallaci da ƙafarsa, ba ya neman izinin kowa. Yau ga yaro sa'an jikansa, sanye da farar riga, yana gaya masa abin da zai ci da abin da zai bari, har yana cewa watakila azumin bana ba nasa ba ne. Tambayar da ke gabanmu ita ce: idan dattijon nan ya bi maganar likita, ya rage wani abu ke nan daga dogaronsa ga Allah? Idan kuwa ya ƙi bi, ya ce rai a hannun Allah yake, tawakkali ya yi ko ganganci?

Kafin a yanke hukunci a kan abu, wajibi ne a san shi. Duk abincin da muke ci mai gari, tuwo ne ko shinkafa ko fura ko doya, idan ya shiga ciki yakan narke ya zama sukari ya bi jini. Akwai wata halitta kwance a bayan tumbi, wadda ke fitar da wani ruwa da ake kira insulin, shi ne ke buɗe wa sukarin nan ƙofa ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. Idan ruwan ya yi kaɗan, ko kuwa jiki ya daina jin maganarsa, sai sukari ya taru yana yawo a jini, yana cin ƙananan hanyoyin jini sannu a hankali kamar yadda gara ke cin itacen rufi, har ya taɓa ido da ƙoda da zuciya da jijiyoyin ƙafa. Irin wanda ke kama manya shi likitoci ke kira nau'i na biyu, shi ne kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 manya miliyan 537 ne ke ɗauke da shi a duniya, miliyan 24 daga cikinsu a Afirka kudu da Hamada, kuma fiye da rabin waɗannan miliyan 24 ba su ma san suna da shi ba.

Wannan rashin sani ya fi yawa ga tsofaffi, domin kuwa alamomin ciwon sun yi kama da tsufa ƙwarai. Tsoho yana tashi fitsari sau huɗu ko biyar da dare, sai a ce ai girma ne. Gani ya dushe, jiki ya mutu, rama ta kama, a ce shekaru ne. Wani ma sai an ga kiyashi na taruwa inda ya kama ruwa, ko kuwa ɗan ciwo ya fito a yatsa ya ƙi warkewa ya zama gyambo, sa'an nan a tafi asibiti. Can a auna jininsa da safe kafin ya karya kumallo, idan an sami 126 a ma'aunin miligiram, watau 7 a ɗaya ma'aunin, ko abin da ya fi haka, aka sake awo aka sami haka, to magana ta tabbata. Abin lura a nan shi ne, ciwon ya daɗe a jiki shekaru kafin ranar. Likita bai kawo shi ba, fitila kawai ya haska. Ashe ke nan ranar da dattijo ya ɗauka ranar baƙin ciki ce, ita ce ranar farko da aka ba shi damar kare idonsa da ƙafarsa.

Amma fa zuciya ba ta ɗaukar abin haka, kuma wanda ya ce ta ɗauka haka nan take bai san mutum ba. Kalmar da ke fara kama kunnen dattijo ita ce "ba ya warkewa." Sai ya tuna wane da aka yanke wa ƙafa, da wane da ake kai wa wankin ƙoda. Sa'an nan ga wani abu da likitoci ba safai suke lura da shi ba, watau girma. A gidajenmu maigida shi ke fara sa hannu a akushi, shi ke miƙa wa jika loma. Yau an ware masa ɗan kwano shi kaɗai, an dafa masa wani abu dabam mara daɗi, mutanen gida na shan kunu da sukari a ɓoye kada ya gani. A wurin ɗaurin aure ko suna a miƙo lemo, wani yaro ya yi wuf ya ce, "A'a, Baba ba ya sha," a gaban sa'o'insa. Wanda jiya ake tambayarsa izini, yau shi ake hanawa. Binciken likitoci ya nuna cewa ciwon damuwa, irin wanda ke hana barci ya cire wa mutum sha'awar kome, ya kusa ninka biyu ga masu ciwon sukari idan an gwada da sauran jama'a. Mai damuwa kuwa ba ya kula da magani, idan bai kula ba sukari ya hau, idan ya hau jiki ya ƙara mutuwa, damuwa ta ƙaru.

Daga nan ne wasu dattawa sukan nemi mafaka a cikin kalma mai daraja, su ce sun yi tawakkali. Su jefa takardar asibiti ƙarƙashin buzu, su ce wanda bai zo da kwana ba ba ya mutuwa. Gaskiya ne ajali ba ya gaba ba ya baya. Sai dai magabatanmu, waɗanda suka fi mu sanin wannan, ba su fahimci tawakkali haka ba. Sayyidina Umar ya nufi ƙasar Sham, ya sami labari a hanya cewa annoba ta ɓarke can, ya yi shawara ya juya da jama'a. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce, ya buga masa misali da makiyayin da ke da zaɓi tsakanin kwari mai ciyawa da busasshe. Sananne ne kuma cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa tukuna sa'an nan ya dogara, ya kuma umurci bayin Allah da neman magani. Ibnu Sina, wanda ya rasu a shekarar 1037, ya siffanta wannan ciwo a littafinsa Alƙanun, har da zaƙin fitsarin mai shi da ruɓewar gaɓa. A nan ƙasarmu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1837, duk da nauyin mulki da yaƙi ya zauna ya rubuta littattafai a kan magani, har da na ciwon ido da na basir. Wa zai ce ya fi waɗannan dogaro ga Allah? Ruwan insulin da masana suka gano a birnin Toronto na Kanada a 1921, da ƙwayar metformin da ake sha yau, suna daga cikin sabubban da Allah Ya sanar da bayinSa, kamar yadda Ya sanar da su haƙa rijiya da dasa iri.

To, akwai wata hujja da ta fi wannan ƙarfi, wadda bai kamata a yi watsi da ita ba. Dattijo yakan ce, "Na kai 75, saura me? Ku bar ni in ci abin da raina ke so, in mutu da daɗin bakina." A cikin maganar nan akwai gaskiya, likitoci ma sun yarda da wani sashe nata. Shi ya sa ba sa tsananta wa tsoho mai rauni irin yadda suke tsananta wa ɗan shekara 40, sukan sassauta masa iyakar da suke so sukarinsa ya tsaya, domin matsa shi ƙasa da ƙarfi ya fi haɗari gare shi. Sai dai dattijon ya yi kuskuren lissafi wuri guda. Ya ɗauka cinikin tsakanin daɗin baki ne da tsawon rai, alhali kuwa ciwon sukari ba safai yake ɗaukar mutum farat ɗaya ba. Yakan fara karɓe idon da ake duba Alƙur'ani da shi, ya karɓe ƙafar da ake zuwa jam'i da ita, ko ya shanye ɓarin jiki ya bar mutum kwance shekaru, tsarki ma sai an yi masa. Wanda ya ce ba ya tsoron mutuwa mun gaskata shi. Amma jikin nan amana ce a hannunsa, ba shi ya halicce shi ba, kuma wahalar da sakacinsa zai jawo ba shi kaɗai zai ɗauke ta ba, matarsa tsohuwa ce za ta kwana tana juya shi. Tsohon shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo ya sha faɗa a bainar jama'a cewa ya yi shekaru fiye da 30 yana tare da wannan ciwo, kuma jama'a sun gan shi yana harkokinsa bayan ya haura 80. Cuta ba mutuwa ba ce.

A nan ya kamata mu ɗan ratse mu taɓo masu tallan magani da lasifika a kasuwa da tasha, waɗanda ke rantsuwa cewa garinsu yana tumɓuke ciwon sukari cikin kwana bakwai, a jefar da ƙwayar asibiti. Mafi muni shi ne mai fakewa da addini ya ce a sha zuma kofi guda safe da yamma domin an ambaci warakarta a Littafi. Babu Musulmin da ke musun falalar zuma, amma kusan kashi 80 cikin 100 nata sukari ne, kuma malamai tun da sun bayyana cewa kowane magani yana da cutar da ya dace da ita da gwargwadon da ake sha. Mai karɓar kuɗin tsoho a kan wannan alkawari ya haɗa zamba da cutarwa, ya kuma jingina su ga addini.

Inda abin ya fi tsanani ga zuciyar dattijo shi ne watan Ramalana. Mutumin da tun yana yaro bai taɓa shan azumi ba, wanda shi ke tayar da gida sahur, a ce masa ya ci abinci da rana jikokinsa 'yan shekara goma suna riƙe da baki? Da yawa sukan gwammace su ɓoye wa likita. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashe 13 masu yawan Musulmi a kan azumin shekarar 2001, wanda ya haɗa mutum fiye da 12,000, ya gano cewa kashi 79 cikin 100 na masu nau'i na biyu sun yi azumin aƙalla kwana 15, kuma faɗuwar sukari mai tsanani ta ninka wajen sau bakwai a cikinsu a watan. Dalili a fili yake. Maganin yana nan yana aikinsa na rage sukari, abinci kuwa babu, ga zafin rana da ƙishirwa, musamman shekarun da azumi ya faɗo da bazara.

Shari'a ba ta bar wannan wuri a duhu ba. Ayoyin azumi a Suratul Baƙara sun ba majinyaci izinin sha ya rama a wasu kwanaki, suka kuma bayyana cewa sauƙi Allah Yake nufi da bayinSa. A mazhabarmu ta Malikiyya, Muhtasar na Shehu Halilu ya nuna cewa shan azumi ya halatta ga wanda ke tsoron ƙaruwar cuta ko jinkirin warkewa, ya kuma zama wajibi idan yana tsoron halaka ko cutuwa mai tsanani. A lura da kalmar wajibi. A wannan hali mai riƙe baki shi ne mai saɓo, mai sha shi ne mai biyayya. Risala ta Ibnu Abi Zaidi kuma ta nuna cewa tsohon da ya kasa azumi an so ya ciyar da mudun Annabi guda a madadin kowace rana, a wurin wasu mazhabobin kuwa ciyarwar dole ce. A shekarar 2009 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Sharja tare da likitoci, ta kasa masu ciwon sukari kashi huɗu. Kashi biyu na farko, waɗanda suka haɗa da mai wankin ƙoda, da wanda sukarinsa ya yi mummunar faɗuwa cikin wata uku kafin azumi, da wanda ba ya jin alamar faɗuwar, da tsoho mai fama da wasu cututtuka, ta ce su sha. Kashi biyu na ƙarshe, waɗanda ciwonsu ya daidaita kuma azumi ba ya cutar da su, ta ce su yi azuminsu. Ashe ke nan ba kowane mai ciwon sukari aka ɗauke wa azumi ba, ba kuma kowa aka bari ya yi ba. Mai faɗin inda mutum ya faɗa shi ne likita amintacce, kuma lokacin zuwa wurinsa shi ne watan Rajab ko farkon Sha'aban, domin a gyara yawan magani da lokacin shansa. Can kuwa sai a faɗi gaskiya duka, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wanda aka bari ya yi azumi, ya sani cewa huda yatsa don awon sukari ba ya karya azumi, haka ma allurar insulin a fatawar wannan majalisa, domin ba abinci ba ce. Idan ya auna ya ga ƙasa da 70, ko sama da 300, ko ya ji jiri da rawar jiki da gumi mai sanyi, to ya sha nan take, ko da saura minti goma a kira magariba. Wannan minti goma shi ne jarrabawar, domin a nan rai yake cewa ai an kusa.

Mutanen gida da abokan masallaci suna da rabo babba a nan. Da yawa daga dattawan da ke faɗuwa da la'asar sun san hukuncin sarai, kunyar idon jama'a ce ta hana su. Ana cewa, "Malam wane ya fi ka tsufa yana azumi." Mai faɗin wannan ya tuna labarin sahabin nan da dutse ya fasa wa kai a tafiya, ya yi mafarki, ya tambayi abokansa ko yana da rangwamen taimama, suka ce babu, ya yi wanka ya mutu. Da labari ya isa ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya ɗora musu alhakin ransa, ya zarge su da rashin tambaya tun da ba su sani ba. Shi kuwa dattijon da ke kukan ladar da yake gani ta wuce shi, ya ji bushara: ya tabbata a hadisin Buhari cewa bawa idan ya yi rashin lafiya ko tafiya, ana rubuta masa irin abin da ya saba aikatawa yana lafiya yana gida. Shekara 50 na azumi ba su tafi banza ba, su ne ma ma'aunin da ake ci gaba da rubuta masa.

Akwai kuma abin da kowane gida mai tsoho ya kamata ya sani, ko da azumi ko babu. Faɗuwar sukari ga tsoho ba kullum take zuwa da rawar jiki ba. Wani lokaci sai dai a ga ya rikice, yana faɗa ba dalili, yana magana ba kan gado, ko ya faɗi a banɗaki. Sai a ce ruɗewar tsufa ce, ko a ce iska ce a ɗauko hayaƙi, alhali abin da yake bukata ruwan sukari ne, cokali uku a kofi, muddin yana iya haɗiya. Idan ya suma kada a ɗura masa kome, a garzaya asibiti. Wannan ya fi faruwa ga masu allurar insulin da masu shan ƙwayar glibenclamide, musamman idan sun sha magani ba su ci abinci ba.

Ƙafa kuma, Allah Ya riga Ya ba Musulmi lokaci biyar na duba ta. Ciwon yakan kashe jijiyoyin ji, mutum ya taka ƙaya ko ƙusa bai sani ba. Saboda haka a kowace alwala ya dubi tafinsa da tsakanin yatsu, ya tsane su, wanda idonsa bai gani jika ya duba masa. Da hunturu a shafa mai saboda faso, a taɓa ruwan zafi da gwiwar hannu kafin a sa ƙafa, kada a miƙa ta kusa da garwashi wajen jin ɗumi. Kada a bar mai yankan farce ya sheme kaushi da aska. Alhazai kuma su kiyayi tafiya ba takalmi a kan daɓen da rana ta gasa, domin an sha ganin masu wannan ciwo sun ƙone tafi ba su ji ba. Wanda tsayuwa ta gagare shi ya yi salla a zaune, haka Annabi ya umurci Imrana ɗan Husaini sa'ad da basir ya dame shi.

Sauran magana ga 'ya'ya take. Tun bayan faɗuwar darajar Naira a 2023 kuɗin magani ya yi tsalle, tsofaffi da yawa suna raba ƙwaya biyu ko su tsallake kwana, ba su faɗa wa kowa ba don kada su zama kaya. Ɗan da ke aika buhun shinkafa da salla amma bai taɓa tambayar ko maganin wata ya ƙare ba, bai gane inda bukata take ba, kuma ciyar da iyaye mabukata wajibi ne a kan ɗa mai hali. Uwa tsohuwa ta fi shiga wannan hali, domin ita ta saba haƙuri, ba ta cewa kome sai ƙafa ta kumbura. Sa'an nan akwai yadda ake hani. Wanda aka hana shi ɗaga wa iyaye murya bai sami izinin yi musu tsawa ba don ya zama mai riƙe da katin asibiti. Hanya mafi sauƙi ita ce gida duka ya gyara tukunya, a rage malmalar tuwo, a yawaita miyar kuka da kuɓewa da zogale da wake, a ajiye gwangwanin sukari gefe kowa ya zuba nasa, domin likitoci ba su ce a daina tuwo ba, gwargwado suka ce, kuma tuwon alkama ma idan ya yi yawa yana hawar da sukari. Ta haka Baba zai ci gaba da sa hannu a akushi ɗaya da iyalinsa. 'Ya'yan ma kansu suke yi wa, domin ciwon yana bin jini, ɗan mai shi ya fi kusa da kamuwa, ya kamata shi ma ya miƙa yatsa a auna ranar da ya raka mahaifinsa asibiti.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.